Ashe Wannan Ne Takaici

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya Legas, yaya maigida da yara? Ina fatan ƙafar Ummi ta warke.

Yaya, an kama maigidana. Ya ɗauki fasinja a babur daga Tsafe zuwa Kwatarkwashi, ashe ana neman mutumin, wai yana kai wa ɓarayin daji labari. A hanya aka tare su, aka wuce da su Gusau. Wallahi ko sunan mutumin bai sani ba.

Na bi shi can da abinci, aka ce in koma gida. Na dawo ina kuka, surukata Inna ta ce, "Ke ɗiyar nan, bar hushin nan, da wa kike yi?" Na ce, "Inna, ba hushi ba ne, takaici ne."

Kin san ni da littattafai. Sau nawa na karanta an ce takaici ya kama budurwa ta ciji leɓe, har ina gwadawa a madubi! Ashe ban san kalmar ba. Fushi akwai wanda za ki yi wa, ki yi faɗa ki huce. Takaici kuwa gaskiya na hannunki, amma babu mai tsayawa ya saurare ki.

Don Allah ki roƙi maigidanki ya kira abokinsa, lauyan nan na unguwar Damba a Gusau, kafin a kai maigidana inda ba zan iya zuwa ba. Ki sa mu a addu'a, ki gaida yara. Yaya, bai ma san ina da juna biyu ba.

Ƙanwarki,
Rukayya