Zuwa Ga Kawu Mai Cizon Shinkafa

Zuwa ga Kawuna, Malam Usman mai shanya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima da yalwar makwanci. Ni ce Rakiya, 'yar ƙanwarka Ladi, wadda ka riƙa tun tana aji biyu na firamare. Na san ba a aika wa mamaci wasiƙa, kuma ko kana raye ma sai an nemo mai karanta maka boko. Amma akwai maganar da na yi ta ɗage faɗa maka har ƙasa ta rufe idonka. Na ga gara in faɗe ta a nan, inda duk mai bin shafina zai gani, tunda a gaban mutane na yi maka laifin.

Sunan mahaifiyarka aka sa mini, shi ya sa bakinka bai taɓa iya furta Rakiya ba. Uwata kake cewa, ko a gida ko a kasuwa, ko da kuwa faɗa za ka yi mini. Ina ƙarama abin yana ba ni kunya, mutum da furfura yana kiran mai majina uwarsa.

Ka tuna ranakun Asabar da nake bin ka injin shinkafa? Mata su turara shanshera a manyan tukwane, a kwaso ta da zafinta a baza a filin siminti, daga nan kuma magana ta koma hannunka. Kai ke cewa a juya, kai ke cewa a kwashe, kai ke cewa a kai wa inji. Ba ka da wani kayan aiki sai tafin ƙafarka da haƙoranka. Ka taka shanyar ba takalmi, ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka ciza, ka tofar, ka dubi gabas.

A wannan filin ka koya mini. Ka ce idan ta yi ƙas a haƙori ta kai, idan ta lanƙwasa da saura, idan kuwa ta tarwatse rana ta cinye ta, za ta kakkarye a inji. Kafin in kai shekara goma na iya. Duk ranar da na faɗi daidai sai ka saya mini rake, ka ce wa matan turara su yi hankali, magajiyarka ta zo.

Da na gama bautar ƙasa hanya biyu suka buɗe mini. Ga koyarwa a wata makaranta a nan Lafia, kusa da gida. Ga kuma wani kamfani a Abuja mai ba masana'antu da ma'aikatu shawara kan yadda za su tsara aikinsu. Mama ta ce in zauna, 'yan'uwa suka ce in zauna, kai kaɗai ka ce in tafi. Ka tambaye ni wane irin aiki ne, na yi maka bayani da duk Hausar da nake da ita. Ka ce, "Wato mutum ya kira ki, ki zaga gidansa, ki gaya masa inda ɗakinsa yake." Muka yi dariya, ka raka ni tasha da ƙullin gyaɗa.

Ban taɓa gaya maka yadda watannin farko suka kasance ba, don duk lokacin da ka kira sai in ce lafiya lau. Kawu, ba shawarar da nake ba kowa. Hoton takardu nake yi, ina rubuta abin da manya suka faɗa a taro, ina daidaita zane-zanen rahoto a kwamfuta don kada wani layi ya karkace. In fito Mararaba da sassafe in sha cunkoso, in isa ofis da kwat ɗin gwanjo da takalmin da yake cin ɗan yatsana. Abokan aikina wasu a waje suka yi karatu, Turancinsu kamar ruwan famfo. Idan aka tambaye ni garinmu sai in ce nan kusa da Abuja ne. Wata shida aka ba ni na gwaji, kuma ina gani watannin suna tafiya ba wanda ya san ina wurin.

Ana haka sai ga aiki daga Lafia. Ɗan Alhaji mai injinku ya dawo daga karatu, yana son a zamanantar da komai, ya ɗauko kamfaninmu. Shugaban tawagar, Oga Femi, ba ya jin Hausa, sai aka tuna akwai wata yarinya a kusurwa da take ji. Ranar na ji kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Kafin a tafi kowane aiki akwai fom da muke cikewa. A ciki ana tambaya ko kana da ɗan'uwa a wurin da za a bincika. Na daɗe ina kallon wannan layin. Na ji tsoron idan na ce e za a cire ni a sa wani, in koma kan injin hoton takardu har gwajin ya ƙare. Na rubuta a'a.

Ana gobe za mu taso na kira ka. Na ce, Kawu, idan mun zo don Allah kada ka nuna ka san ni. Ka ce, "To, Uwata. Allah Ya kawo ku lafiya."

Da muka sauka daga mota ka taso daga gindin darbejiyarka, ka gyara hularka, ka ce, "Sannu da zuwa, Madam." Ni da na roƙi hakan, na amsa maka kamar baƙuwa. Mama Dooshima, shugabar matan turara, wadda ta san ni tun ina ƙarama a wannan filin, ta ajiye matsami ta zuba mini ido. Ta ce, "Baba Usman, wannan ba yarinyan ka ba ne?" Ka ce mata kama ce kawai, mutane suna kama da juna. Ta dube ka, ta dube ni, ta koma wurin tukunyarta.

Aikin da aka ba ni mai sauƙi ne. Agogo a hannu, takarda a kan allo, sunan kowane ma'aikaci a gefe. Duk bayan kwatan awa in ɗaga kai in ga abin da mutum yake yi, in sa alama a ɗaya daga gurabe uku: yana aiki, yana jira, ba ya komai. Masu dako ba su ba ni wahala ba, haka mai inji, haka matan turara. Kai ne matsalata. Kana zaune a inuwa, sai ka miƙe ka taka shanya, ka ciji ƙwaya, ka dubi sama, ka dawo ka zauna. Babu gurbin cizo a takardata, babu na duban hadari.

A rana ta uku Oga Femi ya zo ya tsaya kusa da ni, ya duba takardar, ya dube ka. Ya tambaye ni, shi wannan dattijon mene ne ainihin aikinsa? Ba da raini ya yi tambayar ba, Kawu, so yake ya sani. Kana nan tsaye, tsakaninmu bai fi taku biyar ba, da ƙwayar shinkafa a hannunka.

Amsar tana bakina. Zan iya ce masa duk farin buhun da yake fita daga wannan inji ta haƙorin wannan mutumin ya bi. Amma idan na faɗa zai tambayi yadda aka yi na sani, daga nan kuma sai maganar fom ta taso. Na ce ban sani ba. Da Turanci na faɗa, amma ƙaramin Turanci ne, irin wanda kowa a Lafia yake ji. Na ga ka kai ƙwayar bakinka ka ciza, ka juya ka ce wa yara su kwashe.

Da hannuna na buga shafin da ya shafe ka a rahoton. Shawarar ita ce a sayo na'urar gwada danshi a ba mai inji, a soke gurbin mai shanya, tunda bincike ya nuna yawancin yini ba ya komai. Binciken nan ni ce. Na lallashi kaina cewa rahoto irin namu a aljihun tebur yake ƙarewa, ba mai aiki da shi. Wannan dai an yi aiki da shi. Aka yaba tsaftar aikina, aka tabbatar da ni a kamfani, kai kuma bayan shekarun da ka yi a wannan filin aka sallame ka da godiya da buhun shinkafa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na'urar tana aiki. Ka san haka, don kai da kanka ka je ka gan ta, ka dawo kana cewa ƙarfen nan yana da haƙori. Ba na'urar ce take hana ni sukuni ba. Da na buɗe baki, da wataƙila an danƙa maka ita, ko a bar ka kana duba hadari, abin da har yau ba ta iya ba. Ko da an sallame ka ɗin, da ka tafi a matsayin gwani. Ni na sa ka tafi a matsayin mai zaman banza.

Ba ka taɓa tayar da maganar ba. Ka koma ɗan gidan da ka gina a Azuba, kana zama a ƙofa kana gaisawa da masu wucewa. Abu ɗaya ne ya canza: Madam ta zauna a bakinka. In na zo da Sallah sai ka ce Madam an iso, ya mutanen Abuja? Da dariya kake faɗa, ni ma in yi dariya, Mama ta ɗauka tsokana ce. Ni kuwa duk zuwa sai na kasa kunne ko tsohon sunana zai kuɓuce maka, bai kuɓuce ba.

Na kawo maka shadda, na kawo maganin ciwon gwiwa, na kawo rediyo mai caji. Duk tafiya tun daga Akwanga nake shirya kalmomin da zan faɗa, in na zauna a gabanka sai in ɓige da tambayar ya ƙafa. Ka ce ƙafa da sauƙi, ya aikin nuna wa mutane ɗakinsu? Sai in ce alhamdu lillahi, a tashi a haka.

Mama Dooshima ce ta tare ni wata rana a kasuwa, ta riƙe hannuna ba ta saki ba. Ta ce ranar da za a sallame ka Alhaji ya kira ka gefe, ya ce ya ji ana cewa yarinyar nan taka ce, idan haka ne ka faɗa masa, zai kira kamfanin ya ce aikin da gyara. Ka ce masa kama ce. Ta ce, "Shi ya san in ya faɗa gaskiya, za su kore ki. Ke kuma ko pure water ba ki ba shi ba a filin nan." Na tsaya ina kallon tiren tumatur ɗin da ke gabanmu.

Kwanan baya na gaya wa Oga Femi komai, yanzu da ni ma nake jagorantar tawaga. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce da na rubuta e a fom ɗin, ba cire ni zai yi ba, ɓangaren sito kawai zai mayar da ni, wani ya riƙe agogon shanya. Kawu, ashe abin da na ji wa tsoro bai wuce wannan ba.

Zuwana na ƙarshe da kaka ne, jikinka ya riga ya yi nauyi. Aka fito da kai tabarma a ƙofar gida ka sha iska. Maƙwabcinka ya baza 'yar shansherarsa a kan tamfol a gefen hanya, na ga idonka yana kanta tun da na zauna. Ka ce in ɗebo maka kaɗan. Ka mutsuttsuka ta a tafin hannu, ka kai baki, ka fasa. Ka miƙo mini ka ce, "Madam, ciza mini. Haƙoran nawa su ma an sallame su."

Ban yi tunanin komai ba, na ciza. Ta lanƙwasa. Na ce da saura, Kawu, sai ta ƙara rabin yini.

Ka gyaɗa kai, kana kallon shanyar ba ni ba. Ka ce, "Ashe kin sani, Uwata."

Na fashe da kuka kamar 'yar aji biyun da aka kawo maka. Ka bar ni na yi mai isata, sannan ka ce in miƙo maka buta, la'asar ta yi. Ko a lokacin ban iya cewa ka yafe mini ba. Na ce a raina sai mako mai zuwa, in na dawo a natse. Na koma Abuja ranar Lahadi saboda ina da gabatar da rahoto ranar Litinin, ranar Alhamis Mama ta kira ni.

To ga shi yau ina faɗa, a makare. Na sani, Kawu. Tun ranar da aka tambaye ni na sani, kai ka koya mini, a kan wannan simintin, da rake a hannunka. Na ji tsoro, na zaɓi kujerata na bar ka. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka rufa mini asiri sau biyu a filin shanya, Allah Ya rufa maka naka ranar da za a tambayi kowa abin da ya sani. Ya haɗa ka da mahaifiyarka a Aljanna Firdausi, Ya ba ni ikon riƙe sunanta da gaskiya a sauran kwanakina. Amin.

Taka har kullum,
Uwarka, Rakiya
Azuba, Lafia