An Kashe Wutar Inna

Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara. Ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, in ban da ɓacin rai, kuma kai ka jawo mana shi.

Takardar da ka rubuta wa hukumar adana gine-ginen tarihi ta yi aiki, sai ka zuba ruwa a ƙasa ka sha. Sun zo gidan abincin Inna da kyamarori, sun ɗaga kai suna ta kallon katakon rufi kamar yau aka kafa shi. Sun liƙa wani farantin tagulla a bakin ƙofa, wai gininmu na cikin mafi tsufa a tsakiyar gari. Da za su tafi sai suka ce daga yau ba a hura wuta a ciki, hayaƙi na ɓata katako. Katakon da ke shan hayaƙi tun Kaka na budurwa! Na ce to mu koma gas, suka ce ko ashana ba a yarda ba. Ka gaya mini, Yaya, da me ake dafa abinci?

Ka kira su ka warware abin da ka ƙulla. Inna na gaishe ka, ni kam gaisuwata ta dole ce.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan yara sun warware daga murar. Amsarka ta iso. Ka ce in yi haƙuri, daraja ce aka yi mana, jikokinmu za su yi alfahari. To ka zo ka ga daraja da idonka.

Inna na girki a lungun baya, gefen kwata, ƙarƙashin lema. In ruwa ya sauko ni ce mai rufe tukunya da tire, ita tana kare wuta da zanenta. Mai gyaran agogo, wanda ya tsufa a bencin nan na bakin taga, yanzu da suka hana zama a ciki, a tsaye yake cin abinci, kwano a hannu. Telan bene da direbobi ma ba su guje mu ba, Allah ya saka musu. Duk layin an shafa masa fenti, tsohon gidan waya ya koma wurin sayar da shayi a kofin takarda, mu kuma an tura mu baya kamar shara.

Abin da ya fi ƙona mini rai, halin Inna ne. Gwiwoyinta sun kumbura, amma in an ambace ka sai ta ce ai alheri ka nufa.

Taka,
Auta

Yayana,

Ina fata kana lafiya. Yau ba zan ja gaisuwa ba.

Sun buɗe wurin ga masu kallo. Sun goge tukwanenmu sun rataye, sun kewaye murhu da igiya, sun sa masa jan ƙwan lantarki a madadin wuta. A bango sun kafa babban hoton Inna tana juya miya.

Shekaranjiya ludayin da muke aiki da shi ya karye, ga mutane na jira. Inna ta zagaya ta ƙofar gaba, ta ratsa baƙi, ta tsallake igiya don ta ɗauko babban ludayinta. Sai jami'ar da ke zagayawa da baƙin ta daka mata tsawa, wai kada ta taɓa, kayan matar da ke hoton nan ne. Ina tsaye a bayanta, Yaya. Na buɗe baki zan wanke jami'ar nan tas, Inna ta riƙe mini hannu. Ta ba jami'ar haƙuri, ta fito.

Jiya ba ta hura wuta ba, yau ma haka. Mai agogo ya zo da kwanonsa ya koma. Inna ta ce in tambaye ka, tunda kai ne mai ilimin gidan, ko sun bar ƙusa ɗaya a bangon da za a rataye ta ita ma.

Ka taso ka ba ta amsa da bakinka.

Ƙanwarka,
Auta