Kujerar Ɗan Maƙwabciya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baban yara da yaran gaba ɗaya. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan sai godiya. Jikin Malam da dama, har ya fara riƙe kofi da hannun da ya shanye. Faɗa ne dai ya ƙaru, likita ya ce wai alamar sauƙi ce. Shi ba a kansa ake sauke faɗan ba.

Kin tambaye ni maganar Auta. Wallahi Yaya na gaji. Kin san tun da ciwon nan ya kwantar da babanta muka yanke shawarar ta baro jami'ar can mai nisa, ta dawo ta kusa da gida ta ƙarasa karatunta na haɗa magunguna, don ni kaɗai ba na iya ɗaga shi. Makinta ya kai har ya yi rara. A da irin wannan canjin ba wani abu ba ne. Amma bana an zaftare wa jami'ar nan ta kusa kuɗin gudanarwa, an sallami ma'aikata, an rufe ɗaya daga ɗakunan gwaji. Ofishin masu neman canjin ma an haɗe shi da wani. Mace ɗaya ce a ciki, takardu tuli har kan taga, fanka ko motsi ba ta yi. Na yi sintiri har mai gadi ya fara ce mini ɗaliba.

Da matar ta gaji da ganina sai ta fito mini fili. Ta ce kujerun ɗakin gwajin da ya rage sun cika, ba za a ɗauki kowa daga waje ba sai in wani ɗan ajin ya bar karatu. Tun ranar addu'a ta yi mini nauyi a baki. In na ce Allah ya buɗa wa Auta, sai in tuna ta inda buɗin zai zo.

To jiya da la'asar maƙwabciyarmu ta shigo, matar direban motar jami'a. Mijinta na cikin waɗanda aka sallama. Babban ɗansu yana ajin da Auta ke nema, shi ne yaron da ke zuwa yana taya ni juya Malam. Ta ce zai ajiye karatun ya kama aiki a kantin magani saboda ƙannensa. Wai in hanzarta zuwa ofis kafin wasu su ji, gara kujerar ta tsaya a unguwa. Tana faɗa tana gyara mini labulen ƙofa, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Ban gaya wa Auta ba tukuna. Na san halinta, cewa za ta yi ba ta so, ni kuwa bayana ya kusa tsinkewa. Tun safe nake ɗaukar mayafi ina ajiyewa. Yaya, zan je. Ba shawara nake nema ba. So nake dai wani nawa ya sani ban je da farin ciki ba.

Ki gaida Baban yara da Kawu, da amaryar ɗanki da jaririnta. Malam na gaishe ki. Ki sa ɗan maƙwabciyar nan a addu'a kafin ki sa mu.

Ƙanwarki,
Maman Auta