Surukina Ne Malamina, Ya Ƙi Sa Mini Jan Biro

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun kafin a je ko'ina, wanda ya san dariya ce ta kawo shi ya wuce abinsa, an yi mini wadda ta ishe ni a tasha. Wannan saƙon ma ba da hannuna na rubuta ba, murya na tura wa admin ya juye mini, kuma dalilin hakan shi ne abin da ya kawo ni gabanku.

Ni direba ne a Jibiya, na haura hamsin, tun ina saurayi nake jigilar fasinja da kaya tsakanin nan da Maraɗi. Babu ɗan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, ko jandarman da ban san yadda ake magana da shi ba a kan hanyar nan, canjin sefa da naira kuwa a ka nake yin sa kafin mai kalkuleta ya gama danne-danne. Allo na yi, alhamdu lillahi, ina karatuna. Boko ne kawai ya tsaya mini, in ka cire sunana da lambar motata to ka gama da ni. Da aka rufe boda aiki ya tsaya cak, muka koma zaman benci muna kallon motoci suna cin rana, sai na ji an buɗe ajin manya a wata firamare ta wajen Magama, bayan la'asar ake yi. Na ja abokina, bari in kira shi Ila, muka je muka yi rajista. Ba zan ɓoye muku ba, ina da buri. Sakataren reshenmu na direbobi ya tsufa, ya ce zai sauka, ni kuma na gaji da ganin yaran da na koya wa riƙe sitiyari suna rubuta abin da suka ga dama su ce mu dangwala.

Wani dattijo ne ya fara koyar da mu, shi ya fitar da mu daga baƙi da wasali har muka fara haɗa kalma. Mutum ne mai faɗa, in ka yi kuskure sai ya ɗaga littafinka kowa ya gani, amma mun ƙaru da shi. Ana nan ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aka turo mana sabon malami. Ranar da ya shigo da alli a hannu na ɗaga kai, sai na ga mijin ɗiyata ta fari. Bari in kira shi Malam Nura.

Wanda ya san surukuta irin ta wajenmu ya san abin da nake nufi. Yaron nan tun daga bakin zaure yake cire takalmi, a durƙushe yake gaishe ni, bai taɓa cin abinci a gabana ba, in ya hango ni a kan hanya lungu yake shigewa. To ga shi tsaye gaban allo, ga ni zaune a bencin gaba. Ya rasa yadda zai yi, ya tafi zai durƙusa, ajin ya kwashe da dariya. Da aka tashi na kira shi gefe na ce masa a nan kai malami ne ni ɗalibi, ka yi aikinka yadda aka ɗora maka. Kansa a ƙasa ya ce to Baba. Na ɗauka magana ta ƙare.

Tsarinsa shi ne kowane mako mutum ya cika shafi guda da labarin abin da ya yi ko ya gani, ya karɓa ya je ya duba ya dawo da shi. Na kowa zai dawo jawur, an ja layi nan, an zagaye can, an rubuta gyara a sama. Nawa kuwa tas, sai alamar daidai guda ɗaya a ƙasa da kalmar madalla. Mako bayan mako haka. Ni kuma na hau na zauna. Har tsiya nake yi wa Ila, in ce masa littafinka kamar an yanka kaza a kai, sai ya yi murmushi ya ce haka Allah ya yi shi. Na kai littafin gida na nuna wa uwar yara. Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu in na tuna, har koya wa wasu nake yi a ajin, in jawo littafin mutum in ce ba haka ake yi ba, duba nawa. Suna ganina suna shiru.

Da aka buɗe boda aiki ya dawo, sai rigima ta tashi a kan layin lodi tsakanin direbobinmu da masu shigowa daga ɓangaren Maraɗi. Aka zauna aka yi sabon tsari, aka ce a rubuta a allon sanarwa na ƙofar ofis kowa ya gani. Sakatare ba ya nan, ni na miƙe da bakina na ce a ba ni alli. Na ɗauki lokaci na cika allon nan, na koma baya na dube shi, wallahi daɗi na ji. Da safe na iso tasha na tarar da mutane cincirindo a gabansa. Akwai wanda muke neman kujerar sakataren nan tare, zan kira shi Ɗan Kusa saboda daga garin Kusa yake, ya yi sakandare. Shi ne a tsaye yana karanta wa jama'a da ƙarfi yadda na rubuta, ya karanta ya tsaya, ya juya kai ya sake farawa, wai yana neman inda magana ta fara da inda ta ƙare. Wani direban Maraɗi ya ce, "Wanga wane yare ne? Mu dai ko a lakwal, makarantar bokonmu, ba a koya muna shi ba." Kafin azahar direbobi biyu sun ba hammata iska, kowa na cewa allo ya ce shi ne a kan layi. An ɗauki hoton allon an saka a gurup ɗin direbobi, har yau yana yawo. Ɗan Kusa in ya gan ni sai ya cire hula ya ce ranka ya daɗe sakatare.

Ila ne ya goge allon ya sake rubutawa. Ila, wanda nake yi wa dariya. Rubutunsa ba kyau, amma kowa ya karanta ya gane. Na ja shi bayan ofis na ce ya faɗa mini gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya ce, "Kowa a ajin ya sani. To wa zai hwaɗa maka? Malam bai hwaɗa ba, sai mu?" Ya ce rubutuna tun inda tsohon malami ya bar ni nan yake, ban motsa ba. Wato ajin gaba ɗaya, har da masu sayar da rake, sun san abin da ni kaɗai ban sani ba.

Na aika aka kira mini Malam Nura gida. Ya zo ya cire takalminsa can nesa kamar kullum ya durƙusa, wannan durƙuson da a da yake burge ni ranar ji na yi kamar in shure shi. Na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce masa macuci ne, ya ci amanar aikinsa ya ci tawa, ya bar ni na fita tsirara gaban 'yan tasha. Bai ɗago ba har na gama, sai ya ce, "Baba, hannuna ba ya iya sa jan biro a rubutunka." Wai ya yi ƙoƙari ta wata hanya. Wai duk kuskuren da ya gani a shafina sai ya kawo shi kan allo ya yi wa aji bayani kamar na kowa ne, ko zan lura. Ni kuma lokacin ina harɗe da hannu ina tausaya wa masu irin wannan kuskuren. Wai kuma ya gaya wa matarsa ta san yadda za ta yi, ita kuma ɗiyar fari ce, ba ta iya doguwar magana da ni, ta kai wa uwarta. Uwar ta zo ta ce mini malam ya ce ka ƙara ƙoƙari. Ku ji fa. Ni na ɗauka yabo ne, har na ce mata ai yaron kirki ne. Na kore shi na ce kada in ƙara ganin ƙafarsa a zaurena.

Mutane suna ce mini kunya ce, tarbiyya ce, in gode Allah da ya ba ni suruki mai mutunci. Ni ban ga mutunci a nan ba. In makanike ya ga birkinka ya lalace ya yi shiru don yana jin nauyinka, ka je ka faɗa rami, ba ka ce masa mai tarbiyya. Kansa ya tsare, don kada a ce ya gyara wa surukinsa, ni kuma ya miƙa ni ga Ɗan Kusa. Uwar yara ma wai ni na jawo, wai a makon farko ya taɓa nuna mini wani wuri a littafi na ɗaure fuska har yaron ya yi kwana biyu ba ya cin abinci. Ni ban tuna an yi haka ba, kuma ko an yi, fuskata ce haka, duk tasha ta san ni da ita.

Cikin fushi na je wajen mai duba azuzuwan manya na yankinmu na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurare ni, ya ce laifi ne babba, kuma in ya tabbata za a cire malamin a kawo wani. Sai ya ce amma ba a aiki da maganar baki, in je in kawo ƙorafina a rubuce. Na dube shi ya dube ni. Ban san ko da gangan ya yi ba, amma na fito ofishin nan ina huci. Labari ya kai tasha, Ɗan Kusa ya aiko wai shi zai rubuta mini kyauta. Ila ya ce in na matsa zai rubuta, amma in sani abincin ɗiyata zan taɓa, don aikin nan yana cikin abin da suke rufa wa kansu asiri da shi, ga ta da tsohon ciki. Ita kuwa ta zo gida, ta gaishe ni daga bakin ƙofa, ta share mini ɗaki, ta wanke mini kaya, ba ta ce mini uffan a kan mijinta ba har ta tafi. Da ta yi kuka ko ta roƙe ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce bari in gwada Malam Nura sau ɗaya. Na zauna na cika shafi da labarin wata tafiya da mota ta mutu mini a hanya, na ba uwar yara na ce ta aika masa, ta gaya masa in ya dawo mini da madalla to ya san sauran. Shafin ya dawo. Da na duba sai na ga kamar bai taɓa shi ba, har na fara zagi, sai da na fita da shi rana na ga ashe ya yi gyara. Da fensir ya yi, a hankali, dishi-dishi kamar mai tsoron kada takardar ta ji zafi. Babu layin da ya tsira, ko ɗaya. A ƙasa ya rubuta a gafarce ni Baba. Fensir fa, wato in na ga dama in goge a yi kamar ba a yi ba. Na ji haushin fensirin, na ji haushin yawan gyaran, na rasa wanne ya fi ba ni haushi. Abin da ban gaya wa kowa ba sai ku, na zauna da shafin nan na bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gane a wannan zaman ya fi duk abin da na gane tun zuwansa ajin. Yaron ya iya koyarwa. Wannan ya ƙara mini takaici, don da bai iya ba da tuni na sa an rubuta takardar na huta.

Kujerar sakatare na san ta tafi, ba ita nake magana ba. Rubutun nake so, ina so kafin in mutu in rubuta magana a karanta a gane ba tare da an yi dariya ba. Yanzu ana hutu, an kusa komawa aji, kuma babu wani ajin a kusa da mu, Katsina ta yi nisa ga mai fita lodi kullum.

To ku faɗa mini. In sa a rubuta ƙorafin a kawo mini baƙon malami wanda ba ya jin nauyina, ɗiyata ta haihu mijinta ba aiki? Ko in haɗiye abin da na faɗa in koma bencin gaba, ajin da ya rufe ni yana kallo, 'yan tasha suna cewa suruki na yi wa suruki gyara? In na koma ta yaya zan tilasta masa ya ajiye fensir ya ɗauki jan biro, kuma ranar da ya sake rubuta mini madalla ta yaya zan san ta gaskiya ce? Masu cewa in yi haƙuri in bar karatun na tsufa, ku riƙe shawararku. Ni dai yanzu in na ɗauki biro ban san ko abin da na rubuta daidai ne ba, kuma duk garin nan mutum ɗaya ne zai iya faɗa mini, shi kuma ba ya iya kallon idona.