Ɗankwalinki yana cikin lasifika

Maman yara,

Na fita kina barci. Kada ki wahala neman ɗankwalinki mai ruwan toka, yana cikin maƙogwaron lasifikar hagu. Ni na cusa shi, ki yafe mini.

Jiya da kika tafi duba ƙanwarki na ja lasifikokin nan duka biyun zuwa kusurwar falo, don mai gyaran rediyo ya ce tsofaffin nan masu bakin ƙaho sai sun jingina da bango suke sakin murya. Bayana har yanzu ciwo yake. Ta dama ta yi daɗi, kamar mawaƙin yana zaune a gabana. Ta hagu kuwa sai ƙara, kamar ana yanka kwano. Na gwada safa, na gwada tawul, har hulata. Naki ne kaɗai ya kwantar da ita.

Don Allah kada ki fizgo shi. Akwai wata 'yar fata a can ciki, ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, kuma an daina yin irinta. Na tafi kasuwa neman yadi irin na ɗankwalin.

Na san kin ce wa mai sayen ƙarafa ya zo yau ya kwashe su. Wata huɗu kina haƙuri da ni, ban musa ba. Idan ya ƙwanƙwasa, ki zauna a kujerar tsakiya ki kunna waƙa ɗaya kafin ki buɗe masa. In ta ƙare ba ki ji abin da na ji ba, ki ba shi su. Ni ma na gaji.

Tsohonki