Wace ce Nino?

Zariya, 3 ga Maris

Ƙanena Garzali,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Doha? Inna ta ce in rubuta a takarda, don a waya kana iya zille wa magana.

Munzali, abokinka mai gadi, ya zo hutu. Ya shaida wa Inna cewa duk Juma'a da safe yana ganin motarka a ƙofar cocin Mesaimeer, kuma sunan wata Nino ba ya barin bakinka. Maganar ta kai kunnen baban Kausar, ya ce a dakata da sa ranarku. Wace ce Nino? Ka faɗa mini gaskiya.

Yayarka,
Haulatu

Doha, 19 ga Maris

Yaya Haulatu,

Wa'alaikumus salam. A gaishe mini da Inna da kyau.

Nino ta mutu shekara dubu da ɗari bakwai da suka wuce! Madam Eteri, mahaifiyar likitan da nake wa tuƙi, 'yar ƙasar Jojiya ce. Ni nake kai ta coci, in jira a mota, in maido ta kafin lokacin masallaci. A hanya take ba ni labarin Nino, wata baƙuwa da ta shiga ƙasarsu ita kaɗai. Wai ta yi wa sarauniya addu'a ta warke, wai kuma duhu ya rufe sarki a wurin farauta da rana tsaka, ya roƙi Ubangijin Nino, haske ya dawo. Daga nan ƙasar ta bi addinin Kirista. Labari kawai na ba Munzali muna shan shayi.

Ƙaninki,
Garzali

Zariya, 6 ga Afrilu

Garzali,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ba ta kwantar mini da hankali ba. Direba mai jira a mota, ina ya haddace wannan duka? Kuma na ƙara duba hoton da ka turo da sallah. Wasu itatuwa biyu ne a gicciye a kujerar baya ta motarka, an ɗaure da wani abu baƙi. Ban nuna wa Inna ba tukuna.

Haulatu

Doha, 22 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Reshen inabi ne, ɗaure da gashin Madam na ƙuruciya, kamar yadda Nino ta ɗaure nata gicciyen. Ba nawa ba ne. Abin da ban faɗa miki ba, tsohuwar ta fara ruɗewa. Ta manta sunan ɗanta, labarin nan kaɗai ya rage mata. In ta tsaya a tsakiya sai ta firgita ta kama kuka, ni nake ƙarasa mata. Haka na haddace shi. Sallata ba ta taɓa wuce ni ba, amma ba zan daina kai ta ba. Ki nuna wa Inna hoton.

Ƙaninki,
Garzali

Zariya, 10 ga Mayu

Ƙanena,

Na karanta wa Inna wasiƙarka. Jiya ta ɗauki mayafi ta tafi gidan su Kausar da kanta. Baban ya ce sai ka zo ya kalli idonka. Inna ta ce ka nemi hutu, amma ka fara samo wanda zai riƙa ƙarasa wa tsohuwar labarinta.

Allah ya kawo ka lafiya.
Haulatu