Barnamaj Ɗinka Ya Sake Gane Sunaye

Zuwa ga Yayana Harun,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Jidda, kai da Haliima da yara. Mu nan Gadarif alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma soya gahawa da kanta bayan la'asar. An yi ruwan farko shekaranjiya.

Yaya, ka tuna ɗan umarnin da ka rubuta a rumbun bayanan ƙungiyar manoma, wanda ke kiran barnamaj ɗinka na waje, wato manhajar da ka ƙirƙira, ya haɗa sunan mutum ko da Larabci aka rubuta shi ko da boko? Tun da ka tafi na gaji kujerarka bai taɓa ba ni wahala ba, sai makon jiya da aka sauya mana kwamfuta. Ranar rabon irin riɗi na nemi jerin manoma, gidaje arba'in suka ɓace. Malam Cindo, abokin marigayi Baba, ya taso tun daga Fau, na duba na ce babu sunansa. Bai yi faɗa ba. Ya ce shekara talatin yana noma a nan, amma zai jira. Kunya ta hana ni kallonsa.

Na buɗe rahoton kurakurai kamar yadda ka koya mini, na ga umarnin yana neman barnamaj ɗin a inda yake a tsohuwar kwamfuta. Na nuna masa sabon wurin, ya sake ƙi. Na gwada barnamaj ɗin shi kaɗai, ya yi aiki lafiya lau, sai na gane rumbun ne ba a ba shi izinin kiransa ba. Ina ba shi, sunayen suka dawo. Malam Cindo ya ɗauki buhunsa kafin motar Fau ta tashi.

A cikin binciken ne na ci karo da sunayen da ka yi gwaji da su. Na gidanmu ne duka. Na Baba na farko, Ibrahimu, ka rubuta shi iri uku. Nan na tuna ranar da ya zauna bayanka a rakuba, rumfar nan ta tsakar gida, ƙafarsa duk laka, yana tambaya ko na'urar za ta san shi. Ka ce za ta san shi, ya yi dariya ya ce to ta fi ma'aikatan gwamnati. Kafin in tashi daga aiki ranar rabon, na rubuta sunansa da Larabci na danna. Ta san shi, Yaya. Ban goge sunayen gwajin ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina aiko hoto ka aiko kanka. Gwaggo Jummare da Ammar suna gaisuwa. Ka shafa mini kan Ilaf.

Ƙanwarka,
Lubna